Ƙofar da Ba a Taɓawa

Talata, 6 ga Nuwamba

An dawo min da mijina Aubrey daga asibiti. Ɓarin dama a shanye, baki a karkace, magana babu sai gurnani. Keken guragun da suka ba shi ya ƙi shiga ƙofar gida. Suka gwada ta gaba, suka gwada ta baya, suka karkata shi, ina! Ƙarshe masu motar asibitin suka ɗauke shi ranga-ranga kamar buhun dankali, suka shigo da shi. Ɗayansu ya buga goshi a katakon saman ƙofa, ya ce, "Uwargida, mutanen da duk gajeru ne?" Na yi dariya don kada in yi kuka.

Na sa masa gado a falo. Banɗaki yana sama, matattakalar kuwa ko ni mai ƙafa biyu sai na dafa bango.

Juma'a, 9 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Tagogin nan kamar idon kaza. Da tsakar rana fitila a kunne.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Jami'ar gine-ginen tarihi ta zo daga ƙaramar hukuma, Mis Hartnoll. Yarinya ce, ba za ta girmi 'yata Imogen ba. Ta cire takalmi da ladabi, ta ƙi shayi, sannan ta karɓa.

Na ce mata ba wani abu nake nema ba, faɗin tafin hannu kawai a ƙara wa ƙofa, keke ya wuce. Ta shafa katakon kamar mai shafa kan jariri. Ta ce ya haura shekara ɗari huɗu, ga alamar gatarin masassaƙin nan har yau. Gidanmu yana cikin waɗanda doka ta kare, tare da cocin, da tsohuwar maƙera, da gadar dutse. Ba a taɓa ko ƙusa sai da izini. Kuma gaskiya, in ji ta, wannan katakon da wuya a yarda.

Na ce, "To shi fa? Shi ma ya haura saba'in, ba mai kare shi?"

Ta sunkuyar da kai. Sai ta hango Aubrey ta ƙofar falo, ta ce, "Wai Mista Pargeter ne? Ai ɗan littafinka na gidajen Wendlecote yana kan teburina!" Wai ba don shi da ƙungiyarsa ba da tuni an rushe rabin ƙauyen nan.

Na san haka. Ni na riƙa dafa musu shayi a wancan lokacin, suna zaune a falon nan suna rubuta koke, a saka gidaje cikin dokar kariya, a saka namu a farko.

Rabin fuskarsa ya yi murmushi. Na ji kamar in jefa butar shayin.

Asabar, 24 ga Nuwamba

Masu yawon buɗe ido, mota guda. Suna tsaye a bakin shinge suna ɗaukar hoton rufin ciyawarmu, ni kuma ina bayan labule riƙe da fo ɗinsa, ina jira su tafi in je in zubar. Wata ta ce, "Kai, mai gidan nan ta ji daɗinta."

Lahadi, 2 ga Disamba

Imogen ta kira. Kullum zancen ɗaya. "Mama, ku sayar da shi. Gida ne, ba ɗan'uwanku ba ne." Na manta na sa wayar a lasifika, uban yana ji. Ya kama cokali da hannun hagu ya dinga dukan ƙarfen gado har sai da ta yi shiru. Ta ce, "Baba, yi haƙuri," ta ajiye.

A nan aka haife shi, a ɗakin sama. Ubansa ma. Ni kawo ni aka yi, kuma tun ranar nake sunkuyawa.

Bayana yana ciwo. Wanka da tsumma da roba, juya shi, canja zanin gado. Nas tana zuwa da safe ta tafi. Iyakata bakin shinge.

Talata, 11 ga Disamba

Len maƙwabcinmu ya shigo da itacen wuta. Magini ne, tare suka taso da Aubrey, tun suna yara suke zagin juna. Ya tsaya ya ƙare wa ƙofar kallo, ya ce a hankali, "Ros, ki ba ni Asabar ɗaya. In cire wannan gefen, in matsar da shi, in shafa masa baƙin mai. Ko kakan Aubrey ya tashi daga kabari ba zai gane ba."

Na ce ai laifi ne, kotu ake kai mutum.

Ya ce, "Su kai ni. Na ji an ce akwai ɗumi a gidan yari, ba kamar nan ba."

Har na buɗe baki zan ce to. Sai daga falo:

"A'a."

Tar, kamar da. Ni da Len muka dubi juna. Len ya leƙa ya ce, "Kai tsohon banza, ashe kana da baki?" Ya sake cewa, "A'a."

Tun ranar da ya faɗi nake zama a gefensa ina cewa, ka ce Ros, ka ce Ros. Ban samu ba. Katako ya samu.

Na shiga kicin na buɗe famfo don kada su ji.

Talata, 25 ga Disamba

Kirsimeti. An buga ƙararrawar coci ba shi cikin masu bugawa, karo na farko tun yana saurayi. Yana kwance yana bin su da yatsa a kan bargo, in sun yi kuskure ya ɓata rai. Fasto ta zo da rana ta yi mana addu'a. Imogen ta zo da yara, suka cika falo, ba wurin juyawa, suka koma da wuri.

Naman ya bushe.

Laraba, 9 ga Janairu

Na shigar da neman izinin dai. An ce sai kwamiti ya zauna, sai an turo masani, sai an ji ra'ayin jama'a. Jama'a! Su zo su ɗaga shi su gani.

Yau na kama kaina ina tsaye a bakin ƙofa da wuƙar burodi a hannu ina kallon katakon. Ban yi komai ba. Na koma na yanka burodi.

Juma'a, 18 ga Janairu

Jiya ban iya rubutu ba.

Da hantsi na ƙara itace a murhu, sanyi ya yi yawa. Ina wanke kwanuka na ji ƙara a bututun hayaƙi kamar jirgin ƙasa yana tahowa. Na leƙa waje, tartsatsi na fita ta sama yana sauka kan ciyawar rufi. Hayaƙi ya fara dawowa falo.

Na kira 'yan kwana-kwana. Na dubi Aubrey, na dubi keken, na dubi ƙofar.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na mirgino shi daga gado zuwa kan darduma, na kama gefenta na ja. Yana tari, ina tari. Muka zo bakin ƙofa, kafaɗarsa ta shanyayyen ɓarin ta maƙale a katako, dardumar ta naɗe a dokin ƙofa. Na ja, na ja. Ina ihu ina kiran Len, ina zagin gidan, ina zagin ubansa da kakansa da wanda ya sassaƙa ƙofar. Duk ya ji. Idonsa a kaina.

Len ya tsallako shinge, tsoho da shi, ya kama shi ta hammata, ya juya shi ta gefe, muka fito.

'Yan kwana-kwana sun kashe ta kafin ta kama rufin sosai. Gefe ɗaya ya ƙone, ruwa ya jiƙa ɗakin sama da falo. Sun ce mun auna arziki.

Abin da ya tsaya min: yana kwance a kan ciyawar da ta daskare, na lulluɓa masa rigar sanyina, mutane sun taru kowa na kallon rufi. Na ɗauka shi ma can zai kalla. Sama yake kallo. Wasu tsuntsaye suna wucewa, ya bi su da ido har suka ɓace. Rabonsa da ganin sama tun kaka.

Lahadi, 27 ga Janairu

Muna gidan marigayiya uwar Len, a bakin titi, bayan gidan mai. Ba kowa a ciki tun bara. Len ya ce mu zauna har a gyara namu.

Mummunan gida ne, ba ƙarya. Akwatin bulo, ba bene, fenti ruwan ƙwai. Aubrey ya taɓa rubuta wa jaridar gunduma cewa gidajen layin nan ƙuraje ne a fuskar ƙauye. Len ya tuna masa. Ya ce, "Barka da zuwa cikin ƙurji, ranka ya daɗe."

Amma keke yana shiga ko'ina. Ya yi wanka na gaske, ruwa daga sama, ya rufe ido ya daɗe. Tagar falo ta kusa faɗin bango. Shekaranjiya ina kicin na juya na gan shi a bayana, ya turo kansa da ƙafa ɗaya, yana kallon yadda nake fere dankali. Na tsorata har na yar da wuƙa.

Ba mu yi maganar abin da na faɗa ranar gobara ba. Da wane baki.

Talata, 12 ga Fabrairu

Mis Hartnoll ta zo har nan, da fure. Idonta ya yi ja da ta ga kurjewar kafaɗarsa. Ta ce ta kwana biyu tana tono tsofaffin zane, ta gano ɗan ɗakin wankin da ke baya ba na asali ba ne, daga baya aka ƙara shi. Ana iya fasa babbar ƙofa ta can, a yi banɗaki a ƙasa, ba a taɓa tsohon katako ba. Za ta tsaya mana a gaban kwamiti. Zuwa bazara mu koma gida. Sai dai mu ce mata e.

Yarinyar kirki ce. Na so in tsane ta, abin ya ƙi.

Na juya na ce, "Aubrey, ka ji. Me ka ce?"

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Muka jira. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni.

"Ke."

Na ce ni me? Ya sake nunawa. "Ke."

Tunda aka ɗaura mana aure ba a taɓa tambayata inda nake so in zauna ba. Na ce mata zan kira ta.

Alhamis, 21 ga Fabrairu

Na tura shi har gada da rana. Ya gaisa da mutane da kai. Da muka zo kwanar gidanmu na rage tafiya, ko zai so mu tsaya. An rufe gefen rufin da shuɗiyar leda. Ya kalla. Sannan ya buga hannun keke, mu wuce.

Asabar, 2 ga Maris

Ban kira ta ba tukuna. Zan kira. Mako mai zuwa.

Len ya kai ni kasuwar gari in sayo wa Aubrey silifa. A bakin kasuwa wani yana sayar da dashen itatuwa, sanduna kawai da saiwa a ƙunshe cikin buhu. Ban san me ya kai ni ba. Na ɗauki tuffa guda.

Bayan gidan nan fili ne tsirara, ba komai sai igiyar shanya. Na haƙa rami daidai inda ake gani daga tagar falo. Ƙasar da tauri. Aubrey yana ciki yana kallona ta gilashi, da na sa shi a karkace ya ƙwanƙwasa, ya nuna min in gyara zuwa hagu. Na gyara.

Len ya jingina da shinge yana kallo, hannu a aljihu. Ya ce, "Ros, kin dai san wannan sai ya shekara huɗu ko biyar kafin ya yi 'ya'ya?"

Na ce na sani. Miƙo min bokitin ruwan.