Tsarabar Teku Daga Birmingham

Anti Zinatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ba maganar da zan kai wa ƙawaye ba ce, kin dai san mutanenmu na Manchester, kafin la'asar ta zaga gari.

Ɗana Umair yana uni, wato jami'a, a Birmingham, pharmacy yake karantawa, ilimin haɗa magunguna, yana zaune a unguwar Perry Barr. Abbansa kan je duba shi ran Asabar lokaci-lokaci, ni aiki ba ya barina. To shi mutumin nan tun muna Kano bai iya dawowa daga tafiya hannu rabbana ba. Da can kilishi yake kawo min. Amma tun bayan Babbar Sallah tsaraba ta canza, sai jatan lande a 'yar roba, wani lokacin ƙaguwa, an zuba musu ƙanƙara. Na tambaye shi, wai a hanya ya saya. Wace hanyar? Ni dai na san Birmingham ba ta da teku, kuma ban taɓa jin ana kamun kifi a kan babban titin M6 ba.

Sai na buɗe but ɗin motarsa. Anti, takalman roba na gani, caɓe-caɓe da baƙin taɓo mai ƙarni. Na kuwa san ƙarnin nan. Bara da muka je hutu bakin teku, can arewa da mu, mun tsaya a wani wurin hutawar matafiya a gefen titi, mai rumfar sayar da kayan teku. Idan ruwa ya janye sai wani tsohon Bature ya ja mutane cikin taɓon, su yi ta tonon wasu abubuwa masu ɓawo kamar dodon koɗi. Ni ko fita daga mota ban yi ba, tir, dambun naman da na taho da shi na ci. Umair kuwa kamar an kwance shi daga turke. Ya shiga har gwiwa, ya manne wa tsohon da tambayoyi, da ƙyar muka ɓamɓaro shi. Yaron da a gida sai ki yi magana uku kafin ya amsa ɗaya!

Yanzu ya daina kiran da zan ga fuskarsa, sai murya kawai. Rannan ina jin iska fuu da kukan tsuntsayen teku a bayansa, ya ce min wai taga ce a buɗe. Ƙanwarsa Jannat kuma da na ambaci sunansa sai ta hau danne-dannen waya. Kowa a gidan nan ya san wani abu, ban da ni da na haife shi.

Zargina shi ne yaron nan ya ajiye karatu ya koma wajen tsohon, ubansa yana rufa masa asiri. Wallahi raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, don an ce ruwan wurin in zai dawo ba ya sallama. Ga kunya, har mahaifiyata a Kano Dakta take ce masa. E, na sha gaya masa in ya kuskura ya faɗi jarrabawa kada ya nuna min fuskarsa, amma ai kowace uwa tana faɗar haka. Jatan landen suna nan jibge a firiza, ban taɓa ko ɗaya ba. Na yanke shawarar Asabar mai zuwa in bi bayan motar Abbansa in kama su dumu-dumu. In je?

Uwa cikin zullumi, Rusholme, Manchester

*

'Yar uwa, kada ki je.

Kina da gaskiya a abu guda, kuma ba ƙarami ba ne. Bai kamata miji da 'ya'ya su haɗa kai su bar uwa a duhu ba, ko da niyyarsu mai kyau ce. Tsoronki ma yana kan hanya, taɓon bakin teku ba wurin wasa ba ne.

Sai dai har yanzu zargi kike yi. Mai yiwuwa ya bar karatun, mai yiwuwa hutun ƙarshen mako kawai yake yi a can, ko kuma karatun ne ya yi masa nauyi yake neman inda zai sarara. Idan kika dira a kansu cikin fushi, a gaban baƙi, abin da za ki samu shi ne tabbacin kin iya bincike. Yaron kuma zai ƙara nisa.

Ki zaunar da maigidanki, ku biyu, ki gaya masa abin da kika gani, ki ce gaskiya kike so ba faɗa ba. Kada ki matsa wa Jannat, ba ita ta ƙulla ba. Idan ta tabbata ya bar uni, akwai hanyoyin dakatar da karatu ko canza fanni, ku bincika tare da shi. Maganar mutane da ta Kano duk ta biyo baya.

Kin ce kowace uwa tana faɗar abin da kika faɗa. Haka ne, amma wasu 'ya'yan suna ɗaukarsa da gaske. Kin ce kada ya nuna miki fuskarsa, ga shi ya daina nuna miki.

Sannan ki sake duban tsarabar nan. Mai son ɓoye sawunsa ba ya shigowa da ƙaguwa gida a kai a kai. Ban san gaibu ba, amma zuciyata ta fi ba ni cewa ba Abbansa ne yake sayowa ba, aiko shi ake yi. Ki fito da roba ɗaya daga firiza ki dafa, ki kira Umair ki ce saƙo ya iso, kin ci, Allah ya yi albarka. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana.

Allah ya tsare miki shi a ruwa da tudu, ya nuna miki fuskarsa da alheri.

Anti Zinatu