Jaririn Tsumma a Akwatin Yarinyar Talata

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Tunda likita ya hana ki taka ƙasa har wata biyu, kin ce in riƙa rubuto miki yadda zamana da yaran da muke wa jinyar damuwa ta hanyar wasa ke tafiya, a madadin duba aikina da kike yi duk Alhamis. Ki yi haƙuri da surutuna.

Zan fara da wadda ke zuwa duk Talata, in kira ta yarinyar Talata tunda kin hana mu rubuta suna. Shekararta tara. Ƙanenta ya rasu wata biyar da suka wuce, tun lokacin bakinta ya rufe, gida da makaranta sai dai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Zamanmu bakwai ke nan, minti hamsin-hamsin, ko uffan.

Kin san kowane yaro da akwatin wasansa a kabad. A zama na uku ta ɗauki almakashi ta datse hannun jaririn tsumman da ke cikin nata, ta zaro audugar, ta naɗe shi da yagaggun takardu ta cusa a lungun akwatin. Duk Talata sai ta warware, ta ƙura masa ido, ta mayar.

Jiya bayan tafiyarta hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Shekara goma sha biyu na yi ina nas kafin in shigo wannan horon, ban taɓa tashi aiki na bar ciwo a buɗe ba. Na mayar da audugar, na ɗinke hannun, na zubar da tarkacen, har fensir na fere mata. Ki ga ɗinkin, ko a ɗakin tiyata sai haka!

A gaishe da mutan gida.
Ɗalibarki

Sista,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, zaman ne ya ishe ni.

Ba na shakkar kyawun ɗinkinki. Tambayata biyu ce. Wa ya roƙe ki? Kuma tsakaninki da ita, wa ya kasa kallon jaririn nan a yadda yake?

Abin da ke cikin akwatin maganarta ce. Shi ya sa muke kulle shi, mai shara ma ba ya taɓawa. Ki rubuto mini abin da ya faru, ba abin da kike zato ba.

Ki huta lafiya.
Malamarki

Malama,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi. Wasiƙarki ta iso ranar Laraba, aikin gama ya gama.

Ta shigo, ta buɗe akwatin, ta kai hannu lungun. Da ta ga jaririn zaune tsaf sai ta janye hannun kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Ta zazzage komai a tabarma tana neman takardun. Daga nan ta rufe akwatin a hankali, ta je bakin ƙofa ta tsaya har na buɗe mata. Minti tara kawai muka yi.

Talatar da ta biyo baya ba ta zo ba. Mahaifiyarta ta kira ni a waya, ta ce: "Wata biyu muna zarya, magana babu, yanzu kuma da na ce ta shirya sai ta shige bayan ƙofa. Mu dai mun gode." Shugaban sashe kuma ya ce yara goma sha ɗaya ke jiran layi, in ba ta zo ba zai ba wani lokacinta.

Kunya ta ishe ni, Malama, kuma tsoro nake ji kada in zama ni na ƙarasa rufe bakin yarinyar nan. Na yi tunanin in warware ɗinkin, in yayyaga wasu takardu in naɗe shi yadda yake. Na tuna naɗin sarai. Me kika gani?

Ɗalibarki

Sista,

Gaisuwa. Kada ki kuskura. Kin taɓa mata kaya sau ɗaya, yanzu kuma ki ƙara da ƙarya? Ta fi ki sanin kowace yaga.

Na kira shugaban sashe, ya ba mu mako uku yana gunaguni. Ki rubuta wa mahaifiyar layi huɗu: kin yi kuskure a ɗakin, lokacin 'yarta yana nan, ƙarfe goma, Talata. Sannan ki shiga ɗakin ki ajiye akwatin inda kika saba, ki zauna minti hamsin ɗin cif, ta zo ko ba ta zo ba. Banda waya, banda cike fayil.

In ta zo, ki faɗi abin da kika yi a gajarce. Kada ki yi ta ba da haƙuri har ta koma ita ke lallashinki. Ni ma a shekarata ta farko alewa nake cusa wa yara don su daina kuka, sai da aka ja mini kunne. Babu wanda ya shigo aikin nan da hannu mai zama wuri ɗaya.

Malamarki

Malama,

Assalamu alaikum. Na ji an ce kin fara takawa da sanda, Allah Ya ƙara lafiya.

Talata biyu na zauna ni da kujera da agogon bango. Ban san minti hamsin na da tsawo haka ba. A ta uku, goma da kwata, na ji takun mutum biyu a baranda. Mahaifiyar ta tsaya waje, ko gaisuwata da ƙyar ta amsa.

Yarinyar ta zauna nesa da akwatin. Na ce: "Ni na ɗinke jaririn, ni na zubar da takardunki. Kayanki ne, ban tambaye ki ba. Na kasa kallonsa a haka ne." Na ja bakina na yi shiru.

Mun fi rabin awa a haka. Sai na ji murya, ƙarama, a dushe. Ta ce: "Shi ma haka aka yi."

Na ce: "Haka aka yi?"

Ta ce: "Na dawo daga makaranta an share ɗakin ƙanena. An ɗauke katifarsa. Takalminsa ma babu. Umma ta ce kada in tambaya."

Malama, kalaman lallashi sun cika mini baki fal, na haɗiye su. Ta buɗe baki za ta ƙara, na dubi agogo, minti hamsin sun cika. Wata shida ana jiran muryar nan! Kamar in cire batirin agogon. Amma na ce mata lokaci ya yi, kamar kullum.

Ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce: "Kada ki buɗe." Na miƙa mata mabuɗin ta kulle da kanta, ta jijjiga kwaɗon sau biyu, sannan ta ba ni.

Na yi daidai da na tsayar da ita? Abin na damuna.

Ɗalibarki

Sista,

Wa alaikumus salam. Kin yi daidai. Ta ga akwai abin da ba ya canjawa a bayan idonta, kuma ta bar sauran maganar a wurinki.

Ki ware wa mahaifiyar lokaci nata daban, kada ki je mata da laifi. Ita ma ta kasa kallo ne, kin san yadda abin yake.

Sai Alhamis, in Allah Ya yarda.
Malamarki