Babban Yatsan Barewa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar 'yarmu Barewa? Ki ce mata ta share hawaye, ba a fasa gasar gudu da ita ba tukuna.

Naman da aka gutsuro daga baƙin tabon yatsanta ya iso ɗakin gwajinmu ranar Litinin, tare da takardar farko da ta ce sankarar fata ce, a cire babban yatsan. Yaya, shekara goma sha huɗu ke nan ina duba irin wannan nama a madubin ƙara girma, kuma wannan hukunci bai kwanta mini ba. Ƙwayoyin halittar da ke ba fatar launi manya ne, masu ban tsoro, amma a jere suke, kuma suna ƙanƙancewa idan suka yi ƙasa cikin fata. Sankara ba ta da wannan ladabin. Akwai wani tsiro da ba a cika gani ba, mai kama da ita, yana fito wa matasa.

Na roƙi likitan tiyata ya dakata mako uku. Ya ɓata rai, amma ya yarda. Na aika naman a duba ƙwayoyin gadonsa.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa, da fatan ciwon bayanki ya yi sauƙi. Ki nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba.

Sakamako ya dawo. Canji ɗaya tak aka samu a ƙwayoyin gadon, irin na wancan tsiron mara illa, babu ko ɗaya daga alamomin sankara. Na kai wa wasu abokan aikina biyu gilasan da aka ɗora naman a kai ba tare da na ce 'yata ce ba, duka suka ga abin da na gani. Za a ƙara yanke fata kaɗan a kewayen tabon, a riƙa duba ta duk wata shida. Yatsa kam yana nan daram.

Yanzu zan faɗa miki abin da na ɓoye. Da sankara ce, da jinkirin nan ya cutar da ita, kuma ni na jawo. Na san haka sarai lokacin da na ce a dakata. Abinci bai yi mini daɗi ba sai yau. Amma ko gobe aka kawo mini wannan gilashin, dakatawar zan sake nema.

Ku zo ranar Alhamis da safe, a yi ɗan yankan.

Taki har kullum,
Auta