Ruwan Maigandi

Ƙofar Rini, Sakkwato
Lahadi

Zuwa ga Yayana Zayyanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da karatun jinyar da ya kai ka Legas. Yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau muke, sai zafi. Da hannu na rubuta zan ɗauki hoto in tura maka, don na san ba ka sauraren saƙon muryata har ƙarshe. In ka ga harafi ya karkace, ka tuna allo ne makarantata.

Kifayen tekunka da ka bar mini amana duk ukun suna da rai. Masu ratsin farin nan biyu na sa musu Alhaji da Hajiya, rawayan kuma Ɗan Gayu. Sai dai Ɗan Gayu ya daina cin abinci, gansakuka kuma ta fara rufe gilashin tankin. Na yi gwajin da ka koya mini: ruwa a ƴar kwalba, ɗigon magani, girgizawa, jiran minti biyar. Ka ce rawaya ake so. Yaya, ja ya fito kamar zoɓo. Naitiret ɗin nan ne da ka ce yana taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci.

Kada ka tada hankalinka, na kama mai laifi. Matata ce, Kaka Dije. Kullum da hantsi sai ta lallaɓa ɗakinka ta barbaɗa musu abinci. Wai sadaka ce, ba za ta ga baƙi daga nesa suna buɗe baki a gidanta ta wuce ba. Na ce mata kishi ne, ta ga na fi kula su da ita. Ta biyo ni da muciya har zaure tana cewa ta sake ni saki uku.

Ga abin da zan yi. Duk kwana uku in canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, in wanke soson matata, wato matatar ruwa, ba Kaka ba. In zuƙe dattin yashi da tiyo, abinci kuma sau ɗaya a rana. Kafin ka dawo kwalbar nan ta koma rawaya, ka rubuta ka ajiye.

Ka gaida abokan karatu.

Ƙanenka,
Mode

Ƙofar Rini
Laraba

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na kulle ɗakin kifayen da kwaɗo kamar yadda ka ce. Amma mi ka faɗa wa Kaka a waya? Ni wasa na rubuta, kai ka ɗauka da zafi. Kwana goma ke nan ba ta kira ni mijinta ba, sai Mode kawai, kamar wani baƙo. Na ɓoye mata takalmi jiya don ta zage ni, ta fita tsakar gida ba takalmi ta ci gaba da aikinta.

Sau uku na canza ruwa, har yanzu ja ne. Ɗan Gayu ya laɓe bayan dutse. Na tabbata ragowar sadakar Kaka ce ba ta gama fita ba. Ka ƙara mini mako guda, ka gani.

Naka,
Mode

Ƙofar Rini
Juma'a

Zuwa ga Yayana Zayyanu,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya karatu? Allah ya sa ka ci abinci kafin ka karanta wannan, ka kuma zauna.

Ka san Maigandi, mai kawo mana ruwa a kura. Ranar Alhamis ta makon jiya na so in tsokane shi a gaban samarin unguwa. Na ce ina da maganin da ke tona marowaci, in ruwan mutum ya yi rawaya to maƙo ya kama shi. Na ɗebi ruwan jarkarsa na ɗiga, ina jiran rawaya in yi masa dariya. Sai ruwan ya yi ja, ja fiye da na tankin. Samari sunka yi ta tafi, Maigandi ya tura kurarsa yana taƙama an wanke shi. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba.

Na bi shi har rijiyar da yake ɗibar ruwa. Tana tsakiyar lambun albasa a fadama, buhunan takin zamani jingine a gindinta. Ashe takin ne ke tsiyaya cikinta, shi ya cika ruwan da naitiret.

To ga abin da ban gaya maka ba. Injin tace ruwan nan naka ɗis-ɗis yake zuba, yini guda jarka ɗaya. Tun mako na biyu da tafiyarka na gaji da jiransa. Na ce ruwa ai ruwa ne, tunda na Maigandi garau yake har muna sha. Da shi nake dama gishirin teku, da shi nake cika abin da zafi ya ƙafar. Wato duk canjin da na yi, ciwon nake ƙara musu da hannuna, ina nuna tsohuwa da yatsa. Ɗan barbaɗinta bai kai ko kusa da wannan ba.

Ran nan na kunna injin, na kuma je na durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka na faɗi komai. Ta bar ni a rana har gwiwata ta yi zafi. Sannan ta ce, "Tashi, mijin banza. Kifi ma ya fi ka kunya."

Yaya, ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Yanzu ita ke zama gaban injin da carbinta, in jarka ta cika ta kira ni. Ban zubar da ruwan gaba ɗaya ba, na tuna ka ce canjin gaggawa na kashe su. Kaɗan-kaɗan munka bi, ina auna gishiri kowane karo. Canji uku ke nan da tataccen ruwa. Kwalbar ta bar zoɓo ta koma kalar lemu, yau da safe har ta fara ɗaukar rawaya. Kafin ka sauka tasha za ta ida, wanga karon kuma da hujja nake faɗa.

Na cire kwaɗon ba da izininka ba. Na ba ta murfin kwalba ya zama ma'auninta, sau ɗaya a rana. Ɗazu Ɗan Gayu ya fito daga bayan dutse ya ci, kuma daga hannunta ya ci.

In za ka yi faɗa, ni za ka yi wa, na shirya kunnena. Amma ka fara kiran Kaka. Ba ta ce komai a kanka ba, sai dai duk sanda waya ta yi ƙara sai ta ɗaga kai. Ni na yi nawa durƙuson, saura naka.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanenka, mijin Dije da anka mayar,
Mode