Shanun Baffa a Wayar Nura

Laraba da dare, Batsari

Barci ya ƙi zuwa. Yau Nura, ɗan ajinmu da ke haɗa wasannin waya a Katsina, ya turo mini sabon wasansa. Bara ya roƙi marubuta mu ba shi labari kyauta, wai sunan mutum zai fito. Ban nemi ko sisi ba. Na rubuta masa ranar da 'yan bindiga suka kore shanun Baffa a Ruma, da yadda Baffa ya tsaya bakin daji yana kiran kowace saniya da sunanta, har biyu suka kufce suka dawo.

Na buɗe wasan, ashe mai wasa shi ne ɓarawon. Kana kan babur, duk saniyar da ka kora maki ne. Tsohon da ke kira kuwa, bangaje shi ake yi a wuce. Sunana na nan a ƙasa, ya cika alkawari.

Na kira shi, ya ce, "Haba Lawal, wasa ne fa. Kuma ai kyauta ka ba ni."

Da sayarwa na yi, da na haɗiye.

Jibi ana sunan ɗan yayarsa a Runka. Mahaifin Nura zai zo, shi da aka kwashe wa garke kakaf, har yau ba ya iya kallon turken. Zan durƙusa in gaishe shi a gaban kowa, in miƙa masa wayata, in ce, "Baba, ga aikin Nura. Gwada mu ga shanu nawa za ka kora."