Rasuwar Injiniya Mudassir, da Faɗuwar Ɗangiwa da Ba Ta Ƙare Ba

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Kokawa ta Kebbe da Tambuwal ta samu labarin rasuwar Injiniya Alhaji Mudassir Abdulganiyyu Tambuwal, wanda ya kafa Kamfanin Ma'auni, mutumin da na shekara tara ina jiran cikon alƙawarinsa.

Mu shaida ne cewa marigayin ya fara wannan aiki a wani shago bayan tashar Tambuwal, da kwamfuta biyu da janareta mai tari. Ni ban yi boko ba, amma ya fahimtar da ni cewa manhajarsa ita ke koya wa wasannin waya nauyin abubuwa: yadda dutse ke gangara, yadda katanga ke zubewa, yadda mutum ke faɗuwa. Daga shagon nan kamfanin ya koma Legas, daga baya wasu Turawa suka saye shi, marigayin ya ɗauki 'ya'yan ƙasar nan aiki, bai kuma taɓa wuce dattijo bai durƙusa ba.

Faɗuwar mutum ce ta gagare shi, shi ya sa ya taho Kebbe wurin yayana, Sarkin Kokawa Ɗangiwa, wanda ya yi shekara ashirin da fuɗu a fage bayansa bai san ƙasa ba. Don mutuncin mahaifin Injiniya, Ɗangiwa ya yarda aka ɗaura masa wayoyin na'urar ɗaukar motsi a gaɓoɓi, ya faɗi da gangan sau arba'in, a ɗaki rufe, bisa sharaɗin ba mai gani.

Ɗangiwa ya rasu damina biyu bayan haka. Ran nan a tashar Dogon Daji na leƙa wayar wani ɗan kabu-kabu, na ga an harbe wani sojan wasa. Gwiwar hagu ta fara sauka, hannun dama ya damƙi iska, kai ya karkata. Yayana ne. Ni na yi masa wanka, na san gaɓoɓinsa. Aka ce mini haka yake faɗuwa a ƙasashen da ban san sunansu ba, da fuskokin da ba nasa ba, kuma ba ya hutawa. Marigayi Injiniya ya dafa kafaɗata ya ce zai cire shi daga manhajar, domin shi kaɗai ya san inda ya ajiye shi.

Muna miƙa ta'aziyya ga matarsa Hajiya Bara'atu da ɗiyarsu Rukayya da dukkan dangi. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙurin rashi. Ni na yafe masa, kada a tsare shi saboda ni.

Amma ku da kamfanin ya rage a hannunku, wasiƙa shida na sa aka rubuta muku. Mun binne mutum biyu yanzu, ɗaya ne kawai ya kwanta. Wa zai tayar da Ɗangiwa daga ƙasa? Ku ba ni amsa tun ina da rai.

Atu Na'iya Kebbe
Kakakin Ƙungiya