Gicciye a Ruwan Janairu

Halkidiki, watan Nuwamba

Baban Lefteris,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Mu dai muna nan. An gama tsinkar zaitun, bayana ne ya san yadda aka yi.

Takalman ƙwallon da ka aiko sun iso. Suna ƙarƙashin gado cikin kwalinsu, don ranar da suka zo ɗanka yana kwance a asibiti a Tasalonika, sikilar ta kama shi a ƙafafu duka biyu. Tun da ya cika shekara sha huɗu ya daina kuka. Fuska yake juyawa bango ya ciji matashi, ni kuwa wallahi gara mini kukan.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ce wannan karon da shi za a faɗa teku ranar bikin tsarkake ruwa, lokacin da Fada, limamin cocinmu, zai jefa gicciye samari su bi shi da ninkaya. A watan Janairu fa! Yaron da likita ya ce sanyi ne babban maƙiyinsa. Na yi faɗa, na yi lallashi, ko gezau. Ni kaɗai ce a gidan nan, Stamatis. In na gama magana babu mai amsa mini sai ƙarar firiji.

Ka rubuto ka hana shi. Taka yake ji.

Allah ya tsare hanya.
Matarka, Evanthia

*

Rotterdam, watan Disamba

Evanthia,

Na gaishe ki, na gai da yaro. Ke dai ba kya rabo da fargaba. Sau biyu ina ciro gicciyen nan, ubana ma ya ciro, hotunanmu na nan a bangon gidan shan kofi. Ruwan ranar mai albarka ne, ban taɓa jin wanda ya kashe ba. Wa ya sani ma ko a nan warakar take? Ki bar yaro ya zama namiji.

Kuma don Allah ki kama bakinki a gari. Sanyin ƙashi muka ce yana damun sa, a bar shi a sanyin ƙashi. Kin san mutanenmu. Da sun ji sikila za su ce jinin gidanmu ne ya lalace, 'yan matan ƙanwata Marika su rasa manema.

Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, jirgi zai wuce Brazil.

Ki huta lafiya.
Stamatis

*

Halkidiki, ƙarshen Disamba

Baban Lefteris,

Ina gaisuwa, duk da raina a ɓace yake. Amsarka ta zo, na karanta, na so in hura murhu da ita.

A asibitin akwai wata likita, Madam Fotini, ba ta allura, ba ta rubuta magani. Aikinta ta zauna da yara masu sikila ta saurare su. Da farko na ɗauka asarar kuɗin mota ce, don ɗanka zuwa yake ya zuba wa taga ido, ita ma ta taya shi kallo. Sai ta haɗa shi da wasu yaran masu sikila. Wata 'yar fitsararriya ta leƙa idonsa ta ce, “Kai, dubi rawayar idon nan! Ɗan gidanmu ne ashe. Me kake faɗa musu a makaranta?” Ya ce sanyin ƙashi. Ta ce, “Sannu, Kaka!” Stamatis, yaron nan ya yi dariya. Rabon da in ji ta har na manta.

Makon jiya Madam Fotini ta kira ni ciki. Ta ce masa, “Lefteris, in faɗa ko za ka faɗa?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kunyata Baba yake ji, shi ya sa yake zaɓar jirgin da ba ya dawowa. In na ciro gicciye, zai zo ganin hotona kusa da nasa.”

Da ya fita ta ce mini, “Kun hana shi faɗin sunan ciwonsa. To da wa kuke so ya yi magana?”

Ni na san ba kunya ba ce. Na ga yadda kake zama a matakalar asibiti ka toshe kunnuwa tun yana ƙarami. Ba ka iya jin kukansa, shi ya sa ka gudu teku ka bar ni da shi. Na sani, kuma ban yafe ba tukuna. Amma shi bai ga matakalar ba, kujerarka kawai yake gani babu kowa.

Na ce masa ya faɗa wa duk wanda ya ga dama. Marika ta yi fushi in ta so. Kada ka ba ni amsa, shi za ka ba.

Allah ya kiyaye ka.
Evanthia

*

Halkidiki, 7 ga Janairu

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Mama ma tana gaisuwa, ko da yake ta ce kada in rubuta haka.

Jiya aka yi bikin. Na je bakin gada tare da samari, har na cire riga. Iska ta doke ni, na ji gwiwoyina sun fara ciwo. Sai na mai da rigata. Abokina Thodoris ya ce, “Kai, ɗan Stamatis, tsoro ne?” Na ce, “Sikila gare ni. In na shiga, asibiti ne ko kabari.” Sai Thodoris ya ce, “To riƙe mini agogo, kuma saura ka sayar.” Shi ya ciro gicciyen.

Yanzu duk gari an sani. Goggo Marika ta wuce Mama a ƙofar coci ko gaisuwa babu.

Na jira wasiƙarka, ba ta zo ba. Baba, ban ciro gicciye ba, kuma ba zan taɓa cirowa ba. A hakan, za ka zo mana Ista?

Ɗanka,
Lefteris